Lebura a Bayan Labule: Tarihin Mutum-mutumi a Dandamalin Wasan Kwaikwayo

A watan Fabrairun 1738 mutanen Paris suka yi ta tururuwa zuwa wani katafaren gida, kowa da kuɗin shiga a hannu, don ganin gunkin wani makiyayi da ke zaune yana busa sarewa. Busar kuwa ta gaske ce. Zugazugan da ke ƙarƙashin gunkin su ke tura iska zuwa bakinsa, leɓɓansa su motsa, yatsunsa da aka lulluɓe da fata su riƙa toshe ƙofofin sarewar suna buɗewa, har ya kai ƙarshen kiɗa 12 da aka tsara masa. Maƙerinsa, Jacques de Vaucanson, bai cika shekara 30 ba a lokacin. Da shekara ta zagayo ya ƙaro wata agwagwa ta tagulla mai tsattsagar hatsi, ta kurɓi ruwa, ta kaɗa fiffike, can kuma ta yi kashi a gaban jama'a.

Gwamnati ta ga mai irin wannan hannu bai kamata ya ƙare a nishaɗantar da 'yan birni ba. A 1741 aka naɗa shi sufeton masana'antun siliki na Faransa, aikin da ya kai shi Liyon, birnin masaƙa. A can ya tsaya kai da fata a kan wata sabuwar doka da ta ƙara wa attajirai masu ba da zare ƙarfi a kan masu saƙa shi. A watan Agustan 1744 gari ya kacame. Masaƙa suka ajiye aiki, suka bi Vaucanson da jifa, da ƙyar ya sha, ya sulale daga birnin a ɓoye. Bai daddara ba. Ya koma ya ƙera injin saƙa mai sarrafa kansa, aka kuma tallata shi da cewa ko jaki aka sa ya juya shi, yadin da zai fito sai ya fi na gwanin masaƙi kyau.

Hannu ɗaya ke nan ya ƙera injin da ake biya a kalla da injin da zai raba mutum da sana'arsa, kuma tun daga lokacin abubuwan biyu ba su rabu ba. Kusan shekara 300 ke nan, duk sa'ad da aka hau da inji dandamali don a yi zancen aiki da ma'aikata, akwai ɗan Adam ɗin da ake nufi a fakaice, akwai kuma wanda ke bayan labule yana zufa don injin ya motsa.

Injin Vaucanson bai samu karɓuwa a zamaninsa ba. Ya yi ta shan ƙura a ma'ajiya a Paris har wani ɗan Liyon, Joseph-Marie Jacquard, ya nazarce shi ya fito da nasa a 1804. Kwali mai huji-huji shi ke gaya wa injin Jacquard zaren da zai ɗaga da wanda zai bari, aikin da a da yara ke yi da hannu, suna jan igiyoyi tun safe har dare. Wannan kwalin ne Charles Babbage ya ara daga baya da yake zana na'urarsa ta lissafi, kakar kwamfuta.

A shekarun nan Liyon ta haifi wani abu dabam. Laurent Mourguet ɗan gidan masaƙa ne da aiki ya ƙare masa bayan juyin juya halin Faransa, ya koma talla da cire haƙori a kasuwa, yana wasa da 'yar tsana don ya tara jama'a, ya kuma ɗauke hankalin wanda ake cire wa haƙorin. Wajen 1808 ya sassaƙa Guignol, ɗan tsanan da ake zura hannu a cikinsa, mai shigar masaƙa da bakin masaƙa, kullum mai gidan haya na binsa bashi, kullum kuma da sandar da zai kwaɗa wa ɗan sanda. A Nuwambar 1831 masaƙan da yake kwaikwayo suka ƙwace birnin kan rigimar ladan saƙa, sai da aka turo soja 20,000 aka karɓe shi. Kan Guignol katako ne, hannun da ke motsa shi kuwa na masaƙi ne da ya rasa aiki.

A Biyana an yi akasin haka: an nuna gunkin, an ɓoye mai hannun. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya gabatar wa Sarauniya Maria Theresa wani gunki mai rawani da alkyabba irin na Turkawa, zaune a bayan akwati yana buga darar Turawa. Kafin a fara wasa sai ya buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya haska da kyandir, jama'a su ga tarin ƙarafa masu haƙora irin na cikin agogo. Gunkin ya cinye Benjamin Franklin, ya cinye Napoleon a 1809, ya zaga Turai da Amurka kafin gobara ta lashe shi a Philadelphia a 1854. Asirin bai wuce gwanin dara da ke naɗe a cikin akwatin ba, a kan kujera mai zamewa, yana gusawa gefe duk lokacin da aka buɗe ƙofa, yana shaƙar hayaƙin kyandir har wasa ya ƙare. Sunayen waɗanda suka shiga akwatin a zamanin Kempelen ba su shiga tarihi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Lokacin da inji bai da baki

Da marubutan Turai suka fara kai tarihin ma'aikata dandamali gadan-gadan, su ma a gidan masaƙa suka yada zango. Gerhart Hauptmann, jikan masaƙi, ya rubuta Die Weber, wato Masaƙa, a kan boren yunwa na 1844 a yankin Silesiya, inda soja suka buɗe wuta suka kashe mutum 11. Wasan ba shi da jarumi guda, talakawan gari su ne jarumin. 'Yan sandan Berlin suka hana a nuna wa jama'a, sai da aka je kotu. Da aka nuna shi a 1894, Sarki Wilhelm na Biyu ya yi fushi ya saki kujerarsa ta musamman a gidan wasan.

A Amurka ma'aikatan ba su tsaya jiran marubuci ba. A 1913 kimanin ma'aikatan siliki 25,000 na garin Paterson, a jihar New Jersey, suka shiga yajin aiki. Abin da ya kunna wutar shi ne yunƙurin ɗora wa kowane masaƙi inji 4 maimakon 2. Ranar 7 ga Yuni sama da mutum 1,000 daga cikinsu suka je New York, suka cika dandamalin Madison Square Garden, suka kwaikwayi yajin da suke ciki: shiga masana'anta da asuba, fitowa daga cikinta, dukan 'yan sanda, da jana'izar Valentino Modestino, mutumin da harsashin masu gadin kamfani ya samu a ƙofar gida alhali ba ya cikin yajin. Zauren ya cika maƙil, amma abin da ya rage bayan biyan kuɗin haya bai taka kara ya karya ba, yajin kuma ya watse a Yuli ba tare da biyan buƙata ba.

Ernst Toller kuwa daga kurkuku ya rubuta nasa, a kan masu fasa injin saƙa na Ingila, 'yan Luddite, waɗanda dokar 1812 ta tanadar wa hukuncin kisa, aka rataye 17 daga cikinsu a York a Janairun 1813. Da aka nuna wasan a Berlin a Yunin 1922, siffar ƙaton inji aka kafa a dandamali, mutane na zagaye da shi cikin tsoro da ƙiyayya. Inji a wasannin nan abin tsoro ne ko abin fasawa, ba ya magana. Amma shekara guda kafin nan an riga an ba shi baki a Prag.

Daren Prag

Ranar 25 ga Janairun 1921 babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Prag ya nuna R.U.R., wasan Karel Čapek, marubuci ɗan shekara 31. Labarin wani tsibiri ne inda kamfani ke ƙera ma'aikata dubu-dubu yana sayar wa duniya. Ba da ƙarfe ake yin su ba. Wani irin ƙulli ake kwaɓawa a manyan tukwane, a murza jijiyoyi kamar zare, a harhaɗa gaɓoɓi. An cire musu duk abin da ba shi da amfani ga aiki: ba sa jin daɗi, ba sa kiɗa, ba sa karɓar albashi, in sun gaji bayan shekara 20 a jefa su injin niƙa. Manajan kamfanin, Domin, bai ɓoye aƙidarsa ba. A wurinsa arha ita ce ma'aunin lebura nagari.

Yayan marubucin, Josef, mai zane, shi ya raɗa musu suna robot, kuma kunnen ɗan Bohemiya bai nemi ƙarin bayani ba. Robota shi ne aikin dole da talaka ke yi wa mai ƙasa kyauta, da shanunsa da garmarsa. Dokar sarki ta 1680 ta ƙayyade shi kwana 3 a mako, amma ta bar wa masu ƙasa ƙofar zarcewa lokacin girbi. A kansa manoma suka yi bore a 1775, ba a kuma soke shi ba sai a 1848, zamanin kakannin waɗanda ke zaune a zauren a daren.

A cikin wasan ƙasashe suka yi ta sayen robot suna sallamar mutane. Da mutanen suka yi bore sai aka miƙa wa robot bindiga ya murƙushe su, daga nan aka tura shi fagen yaƙi. Ƙarshe robot suka kafa tasu ƙungiyar, suka buga takardar kira ga 'yan uwansu na duniya duka, da salon da kowa ya gane na takardar Marx da Engels ne. Shekara 3 ce kacal da juyin juya halin Rasha, wata guda kuma da murƙushe babban yajin aikin Disambar 1920 a ƙasar 'yan kallon. Robot suka kashe kowa a tsibirin, suka bar mutum ɗaya, Alquist magini, don shi da hannunsa yake aiki kamar su.

Mutane ne suka fito a matsayin robot, sanye da rigunan aiki, da lambar tagulla a ƙirji, fuska ba yabo ba fallasa. A New York, inda aka fara nuna wasan a Oktoban 1922 aka maimaita sau 184, wani matashi mai suna Spencer Tracy, wanda daga baya ya zama babban tauraron fim, yana cikin robot ɗin da ba a ba su ko kalma ɗaya ba. Zuwa 1923 an fassara wasan zuwa harsuna 30, a 1924 ya isa Tokyo, a 1938 BBC ta nuna shi a talabijin.

Sai dai a garin yawo sunan ya tafi, naman ya zube. A 1928 wani gunkin alminiyom mai suna Eric, da haruffan RUR a ƙirji, ya miƙe tsaye ya rusuna ya buɗe wani baje koli a Landan a madadin ɗan sarki, muryar kuwa ta wani mutum ce da ke magana daga ɓoye. A 1935 Čapek ya rubuta a jarida yana ƙorafin cewa shi ba gwangwani ya nufa ba. Ba wanda ya saurare shi.

Bayi na ƙarfe

A Tarayyar Sobiyat ta farkon shekarun 1920 tsoron ya koma alfahari. Vsevolod Meyerhold ya horar da 'yan wasansa bisa tsarin Frederick Taylor na ƙididdige motsin lebura a masana'anta, Nikolai Foregger kuma ya shirya rawar da 'yan rawa ke sarƙe jikinsu su zama bel da giya da fistin. Ranar 7 ga Nuwambar 1922 Arseny Avraamov ya hau hasumiya a Baku da tutoci a hannu, ya mai da birnin duka gangarsa: jiniyar masana'antu, ƙahon jiragen ruwa, usur ɗin jiragen ƙasa da igwa. Gwamnatin da Meyerhold ya yi wa wannan hidima ita ta harbe shi a 1940.

A Amurka kamfanoni ne suka karɓe dandamalin, suka kuma faɗi abin da ke ransu ba kunya. A 1930 Westinghouse ya fito da mutum-mutumi mai suna Rastus, da baƙar fatar roba da kayan aikin gona irin na baƙaƙen fatar kudu, ana ɗora masa tuffa a ka ana nuna gwanintar harbi. Shekara 65 ke nan da haramta bauta a ƙasar. A 1957 wata mujallar kanikanci ta yi wa masu karatunta albishir cewa zuwa 1965 kowa zai mallaki bayi, amma na inji.

Mutum-mutumin da ya shiga masana'anta da gaske bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. Unimate hannu ne guda na ƙarfe, wanda ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors a New Jersey, yana ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba a ma'auni tun yana da zafi. A 1966 aka kai shi shirin talabijin na Johnny Carson, ya zuba giya a kofi, ya jefa ƙwallo a rami, ya kaɗa wa makaɗa sanda, jama'a na dariya. A masana'antar Lordstown ta jihar Ohio ba a yi dariyar ba. Da aka jera irin waɗannan hannuwa a layin haɗa mota, gudun layin ya kai mota 100 a sa'a, ma'aikaci na da daƙiƙa 36 kan kowace mota, a Maris ɗin 1972 kuma suka yi yajin kwana 22. Ranar 25 ga Janairun 1979 wani injin ɗauko kaya ya kashe Robert Williams, ɗan shekara 25, a masana'antar Ford da ke Flat Rock. Shi ake lissafawa mutum na farko da mutum-mutumi ya kashe a bakin aiki.

Da injin ya hau da kansa

Sai da masana'antun Turai suka fara rufewa, tsofaffin injuna suka yi arha, sannan masu wasan kwaikwayo suka iya mallakar na gaske. A 2009 Aurélien Bory na Tuluz a Faransa ya kafa wani ƙaton hannun ƙarfe na haɗa mota, ƙirar shekarun 1970, a tsakiyar dandamali a wasansa Sans Objet. Da farko a lulluɓe yake da baƙin tamfol, yana juyi kamar dodo. Da aka yaye shi, 'yan wasa biyu suka riƙa hawansa suna lilo, yana ɗaga su yana ajiyewa kamar kayan gyara, har ya fara ɓamɓare katakon da suke tsaye a kai. Injin da ya taɓa korar lebura shi ma an sallame shi, ya zo neman na abinci a gidan wasa.

William Kentridge na Afirka ta Kudu ya kai dabarar ga tarihin da Turai ba ta son tunawa. A Black Box, wanda ya nuna a Berlin a 2005, ƙananan gumaka masu motsi da kansu ke shiga suna fita a wani ɗan ƙaramin dandamali, zanen gawayi na haskawa a bayansu, suna ba da labarin kisan kiyashin da Jamus ta yi wa al'ummar Herero a Namibiya daga 1904, inda aka tura waɗanda suka tsira sansanoni da aikin dole na shimfiɗa layin dogo. A 2018 ya je Landan da The Head & the Load, wasan da ya haɗa mawaƙa da 'yan rawa da inuwa da gumakan inji, a kan 'yan dakon Afirka kusan miliyan 2 da suka ɗauki kayan Turawa a ka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikin 'yan dakon yaƙin har da waɗanda aka ɗiba daga Najeriya zuwa Kamaru da Gabashin Afirka.

Wani lokaci 'yan kallo ne ke ganin leburan ko da ba a sa shi ba. A 2016 Sun Yuan da Peng Yu, 'yan ƙasar Sin, suka kulle wani hannun inji ƙirar KUKA a ɗakin gilashi a New York, aikinsa ɗaya: ya sharo wani jan ruwa mai kama da jini duk sa'ad da ya malala ya wuce iyaka. Zancen iyakokin ƙasashe da sa ido masu aikin suka fi nufi. Da bidiyonsa ya bazu a intanet, miliyoyin mutane kansu suka gani, mai aikin da ba ya ƙarewa. Har ƙarya ta yaɗu cewa man jikinsa ne ke zuba yana tarowa don ya rayu, alhali da lantarki yake aiki, ruwan kuma rini ne.

A Japan aka yi wasan da ya fi kusa da tambayar Čapek. A Nuwambar 2008, a Jami'ar Osaka, marubuci Oriza Hirata da masanin mutum-mutumi Hiroshi Ishiguro suka nuna Hataraku Watashi, wato Ni Ma'aikaci, gajeren wasa na 'yan wasa huɗu: mata da miji, da mutum-mutumi biyu masu launin rawaya, ƙirar Wakamaru ta kamfanin Mitsubishi, kowane tsayinsa mita 1. Mijin ya daina fita aiki, yana zaune a gida. Ɗaya daga cikin injunan, Takeo, shi ma ya wayi gari ba ya son aiki, yana ta ba da haƙuri. Ba bore, ba bindiga, sai gajiya da kunya a ɗakin zama. Wasan ya faɗo daidai lokacin da karyewar tattalin arzikin duniya ta sa kamfanonin Japan sallamar ma'aikatan wucin gadi dubu-dubu, har kimanin mutum 500 da suka rasa aiki da makwanci suka shiga sabuwar shekara a tantuna a lambun Hibiya na Tokyo.

Takeo bai san yana ba da haƙuri ba. Hirata ne ke cewa a jinkirta kaza daga cikin daƙiƙa, a karkata kai kaza, injiniyoyi su zauna su shigar da umarnin ɗaya bayan ɗaya. A wasansu na 2010, Sayonara, inda mutum-mutumi mai siffar mace, Geminoid F, ke karanta wa wata majinyaciya waƙoƙi, wata 'yar wasa ce ke zaune a rufaffen ɗaki a bayan dandamali, kyamara na ɗaukar motsinta tana aika wa injin, muryarta na fita ta bakinsa.

Injin da ke rubutu

Da R.U.R. ya cika shekara 100, Prag ta juya tambayar: a da mutum ya rubuta wasa a kan robot, yanzu bari robot ya rubuta. Masana na Jami'ar Charles da gidan wasa na Švanda suka yi amfani da manhajar rubutu ta GPT-2, aka nuna sakamakon ta intanet ranar 26 ga Fabrairun 2021, saboda annobar korona ta rufe zauruka. Kimanin kashi 90 cikin 100 na kalmomin na'ura ce ta fitar. Amma mutum ne ya ba ta mafarin kowace fitowa, ya zubar da shirmen, ya sa ta sake, ya jera abin da ya rage, domin na'urar kan manta wanda ke magana bayan 'yan layuka. Robot ɗin da ke dandamali kuwa ɗan wasa ne mai jini a jika. A Agustan shekarar gidan wasa na Young Vic a Landan ya fito da aikin fili: kwana 3 'yan kallo na gani marubuta na kokawa da GPT-3, suna kuma gani tana ƙoƙarin liƙa wa wani ɗan wasa rawar ɗan ta'adda saboda asalinsa.

A bayan marubutan akwai wasu da ba su zo zauren ba. A 2005 Amazon ya buɗe wani dandalin ƙananan ayyukan da kwamfuta ta kasa yi, ya sa masa sunan gunkin Kempelen, Mechanical Turk. A 2006 Aaron Koblin ya sa ma'aikatan dandalin suka zana tumaki 10,000, kowace a kan santi 2 na dala, ya baje su a matsayin aikin fasaha, ya kuma bayyana lissafin: ladan sa'a guda santi 69. Irin waɗannan ma'aikata, kusan 49,000 a ƙasashe 167, su suka tantance hotunan rumbun ImageNet, wanda a kansa na'urori suka koyi gane abin da ke cikin hoto. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Rimini Protokoll ta Jamus ta riga ta ba irinsu fage tun 2005. A wasanta Call Cutta ɗan kallo na yawo a titunan Berlin da waya a kunne, mai yi masa jagora kuwa ma'aikacin cibiyar amsa waya ne da ke zaune a Kolkata ta Indiya, yana saƙa nasa labarin a cikin kwatancen hanya.

A Janairun 2023 mujallar Time ta ruwaito cewa ma'aikata a Nairobi, ta hannun kamfanin Sama, sun yi ta karanta munanan rubuce-rubuce na kisa da cin zarafi suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT, a kan abin da bai kai dala 2 a sa'a ba. A birnin ne kuma a lokacin ake tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook da harsunan Afirka, har da 'yan Najeriya masu tace na Hausa. Ranar ma'aikata ta 1 ga Mayun shekarar, sama da mutum 150 daga cikin masu wannan aiki suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago.

Washegari, 2 ga Mayu, marubutan fim na Hollywood kimanin 11,500 suka ajiye alƙalami. Ranar 14 ga Yuli ƙungiyar 'yan wasa mai mambobi kusan 160,000 ta bi sahu, karo na farko tun 1960 da ɓangarorin biyu suka yi yaji a tare. Sana'ar da ta yi shekara 130 tana kwaikwayon masaƙa ta tsinci kanta a matsayinsu. Ƙungiyar 'yan wasan ta ce kamfanoni na son ɗaukar siffar masu fitowa a cikin taro, su biya su ladan yini ɗaya, su yi ta amfani da siffar, kamfanonin kuma suka musanta. Marubuta suka yi kwana 148, 'yan wasa 118.

Yarjejeniyar marubuta ta hana a lissafa na'ura a matsayin marubuci, ta hana a tilasta wa marubuci amfani da ita, ta kuma wajabta wa kamfani ya faɗa in rubutun da ya miƙa masa na'ura ce ta fitar. Ta 'yan wasa ta ce sai da izini da biya za a yi amfani da kwafin fuska ko muryar mutum. Masu ba da murya da motsin jiki a wasannin bidiyo ba su shiga ciki ba, suka fara nasu yajin a Yulin 2024, suka yi kusan shekara guda. Abin da ba a daddale ba a lokacin shi ne ko kamfani na da ikon ɗura wa na'ura tsofaffin rubuce-rubucen marubuta don ta koyi sana'arsu. Ƙungiyar marubutan ta sa an rubuta cewa tana riƙe da haƙƙinta na ƙalubalantar hakan, aka sa hannu a kan wa'adin da aka tsara zai ƙare ranar 1 ga Mayun 2026.